Wa Zai Yi Jinyar Iyayenmu? Darasi A Kan Aikin Nas

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ba da lafiya, Mai yaye cuta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Darasinmu na wannan fitowa a kan aikin jinya ne, musamman jinyar manya, wato aikin da muka fi sani da aikin nas. Na karkata maganar ga matan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, amma duk macen da take zaune nesa da babban asibiti za ta ga gidansu a ciki.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Shekarun baya yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta faɗi a tsakar gida tana alwalar magariba. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Da aka kai ta asibiti cikin dare, ma'aikacin da muka tarar namiji ne, kuma dole sai an sa mata robar fitsari. Bakinta ya karkace, magana ba ta fita, amma ta riƙe zanenta gam da hannun nan mai lafiya, hawaye yana zuba. Bawan Allah nan ya yi aikinsa cikin mutunci, Allah Ya saka masa, amma ni har yau ban manta da wannan hannu ba.

Bayan an sallame mu muka koma gida. Mu shida ne mata a kanta, kowaccenmu ta yi Islamiyya, kowaccenmu ta san ladan jinya. Amma ba wadda ta san cewa mai kwanciya irin wannan sai an riƙa juya ta duk bayan awa 2. Kafin sati 3 gyambo ya ɓarke mata a ƙugu. Wata nas da ta zo biki maƙwabta ce ta leƙo gaisuwa, ta ɗaga zanen, ta dube mu ta ce, "Haba malamai, ai ba a barin ta ɓangare ɗaya." Wallahi ranar na ji kunya. So muna da shi, haƙuri muna da shi, ilimin ne babu.

Mene Ne Jinyar Manya?

Da yawa daga cikinmu in an ce mace tana aikin asibiti, unguwarzoma ce take zuwa mana a rai. Gaskiya ne muna da matuƙar buƙatar unguwarzoma, amma ciki da haihuwa wani yanki ne kawai na rayuwar mace. Kafin su da bayan su akwai hawan jini, ciwon suga, tarin fuka, ciwon ƙoda, ciwon daji, karaya, ƙuna, saran maciji, tiyata da tsufa. Mai kula da baligi a cikin waɗannan, tun daga saurayi da budurwa har tsoho da tsohuwa, ita ce nas ta manya. A Ingila tun daga makaranta ake raba karatun gida huɗu: na manya, na yara, na taɓin hankali da na masu raunin fahimta. A Nijeriya kuwa ana fara karatun jinya na gaba ɗaya ne, wanda mafi yawansa kula da manya ne, daga baya mace ta zaɓi fannin da za ta ƙware.

Aikinta ya wuce allura da ƙarin ruwa. Likita yakan zo ya duba, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba. Nas ita ce take tare da majinyaci safe, rana da dare. Ita take auna zafin jiki da bugun zuciya da numfashi da hawan jini, ta rubuta, ta kwatanta na yanzu da na ɗazu. In awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, kuma ya zauna a haka, ta san akwai matsala ko da mutum yana cewa garau yake. Ita take lura fitsarin majinyaci ya ragu, ko numfashinsa ya sauya, ta kira likita tun kafin abu ya lalace. Ita take wanke ciwo, ta shirya mutum shiga tiyata, ta karɓe shi in ya fito. Ita take koya wa mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, domin ƙaya kan shige shi bai ji ba, daga nan sai gyambo, daga gyambo sai yanke ƙafa. Ita take nanata wa mai tarin fuka cewa maganin nan na wata 6 ne, in ya daina don ya ji sauƙi cutar za ta dawo da taurin kai. Kin ga ashe aiki ne na ido da ƙwaƙwalwa kafin ya zama na hannu.

Matsayinsa A Musulunci

Wasu suna ɗaukar aikin nan baƙo ne da Turawa suka kawo. Abin da Turawa suka kawo shi ne tsarin makaranta da takardar shaida. Baturiyar nan Florence Nightingale ta yi suna a yaƙin Kirimiya daga 1854, ta buɗe makarantar jinya a Landan a 1860, kuma ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ake kira ranar nas-nas ta duniya. Amma fiye da shekara 1,200 kafin ita akwai Rufaida Al'aslamiyya (RA) a Madina. Tana da hema a masallacin Manzon Allah (SAW) inda take jinyar waɗanda suka ji rauni. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) a jijiyar hannu, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce a kai shi hemarta don ya riƙa duba shi daga kusa. Ki lura fa, Sa'adu babban mutum ne, shugaban Ausu, kuma mace aka damƙa wa jinyarsa.

Ba ita kaɗai ba ce. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Ummu Aɗiyya (RA) ta halarci yaƙi 7 tana dafa abinci, tana yi wa masu rauni magani, tana kula da marasa lafiya. Imamul Bukhari ya ruwaito irin wannan daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu (RA). A ranar Uhudu kuma Nana Faɗima (RA) ce ta ƙona guntun tabarma ta sa tokar a raunin mahaifinta (SAW) har jini ya tsaya.

Malamai sun sa ilimin lafiya cikin farilla ta kifaya, wato wajibin da in wasu suka ɗauka ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imamul Gazali a cikin Ihya'u ya yi kukan cewa a zamaninsa za ka ga gari cike da masu karatun fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. A 1993 kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai, ta yanke cewa asali mace ce za ta duba mace, ba a komawa ga namiji sai in an rasa, kuma ta yi kira da a ƙarfafa wa mata gwiwa su shiga karatun lafiya.

To 'yar'uwa, ga tambaya. Duk mun yarda mace ce ta dace ta duba mace. Macen nan daga wane gida za ta fito? Kowa yana so in ya kai matarsa asibiti ya tarar da mace, amma kowa yana so ta zama 'yar wani ce. Wannan shi ne son a sha romo ba a sa hannu a yanka ba.

Halin Da Yankinmu Yake Ciki

Duk wadda ta bi titin da ya tashi daga Kwanar Ɗangora ya ratsa Tudun Wada, ya keta dajin Falgore ya nufi Doguwa da Saminaka, ta san nisan da ake magana. Daga Riruwai ko Burji zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tafiya ce ta awanni, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga gona an bari. Wanda maciji ya sara a gonar masara, da wanda ya yi haɗarin babur, da tsohuwar da ta faɗi irin Innarmu, duk asibitin kusa suke fara isa, kuma sau da yawa nas ce ta farko da za ta taɓa su. Abin da ta yi a wannan awa ta farko, da ikon Allah, shi yake raba mai tashi da mai nakasa.

Muna da asibitoci a Bebeji da Tiga da Tudun Wada da Doguwa, ga ƙananan asibitoci a ƙauyuka. Sai dai gini ba ya jinya. Ma'aikaciyar da aka turo daga birni, mijinta da 'ya'yanta suna can, ba laifinta ba ne in hankalinta yana kan komawa. Wadda za ta zauna ita ce 'yar gari, wadda gidanta yake nan, ta san hanyar kowace ruga, ta san abin da tsohuwa take nufi in ta ce "zuciyata ce take tashi". Ga shi kuma ƙasar gaba ɗaya tana asarar ma'aikata. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Nas-nas da Unguwarzoma ta Nijeriya na lokacin ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. In birni yana kukan rashi, ina ga ƙauye?

Hanyar Shiga

Majalisar da na ambata, wadda aka kafa da doka a 1979, ita take amincewa da makarantu, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasisi. Duk wadda ba ta da rajista da ita ba nas ba ce a idon hukuma, ko da ta shekara 20 tana allura. Ga matakan:

1. Sakamakon sakandare. Ana buƙatar kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, a zaman jarrabawa da bai wuce 2 ba, WAEC ko NECO. A nan yawancin 'ya'yanmu suke faɗuwa tun ba a fara ba. Yarinya ta gama aji 3 na ƙaramar sakandare, ba wanda ya tambaye ta ajin da za ta shiga, ta bi ƙawayenta ajin da ba a kimiyya, sai bayan shekara 3 a zo ana neman mata aikin asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai makarantun kimiyya na 'yan mata, kamar ta Garko, da ake shiga da jarrabawa. Ki sa ido tun daga nan.

2. Kwalejin jinya. A tsohon tsari shekara 3 ake yi. Tsarin da kwalejoji suka koma yanzu shi ne a shiga ta JAMB, a yi ƙaramar difloma shekara 2, a ɗora babbar difloma shekara 2. Jihar Kano tana da makarantar jinya a cikin birni da kuma a Madobi, nan kusa da mu, Asibitin Malam Aminu Kano ma yana da tasa.

3. Jami'a. Digirin jinya shekara 5 ne, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti. Ana yin sa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Kada a rikita wannan da karatun Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Bebeji da ire-irenta. Can ana horar da jami'an lafiya na matakin farko ne, masu riƙe ƙananan asibitocin ƙauye da rigakafi. Aiki ne mai daraja, kuma ga wadda ba za ta iya nisa da gida ba ƙofa ce mai kyau, amma hukumarsu daban, takardarsu daban.

Sannan a yi hattara da makarantun bogi. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya fiye da 20 da suke aiki ba izini. Kafin maigida ya sayar da buhun masara ko ke ki sayar da tunkiya, a tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin da Majalisa ta amince da su. Haka wadda ta koyi allura a kemis ko a wani asibitin kuɗi, kada a ce mata nas, kada ita ma ta yaudari kanta. Ran mutane ne.

Inda Aikin Yake Kaiwa

Bayan lasisin farko akwai ƙarin karatu. Mai son fannin ƙashi da karaya tana iya zuwa Asibitin Ƙashi na Dala. Mai son fannin ido akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, mai son kula da masu taɓin hankali akwai asibitinsu na tarayya a Barnawa. Akwai nas ta ɗakin tiyata, ta sashen gaggawa, ta sashen wankin ƙoda, ta masu yoyon fitsari kamar a Babbar Ruga ta Katsina. Wata ta ƙara da unguwarzoma ta haɗa biyu, wata ta zama shugabar sashe, wata ta koma aji tana koyar da na baya. Ga albashi na halal da za ta taimaki mijinta da iyayenta, ga gidansu da unguwarsu sun sami mai duba su.

Tambayoyin Da Ake Yi Min

"Malama, ni da nake da aure da 'ya'ya?" Aure ba ya soke kiredit. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri da tallafin gwamnatin Birtaniya a Kano, Katsina, Jigawa, Yobe da Zamfara, wanda ya ɗebo mata daga karkara, har da masu aure da goyo, ya yi musu shekarar share fage don su cike abin da suka rasa na kimiyya, sannan suka shiga makarantun lafiya. Shirin ya ƙare, amma ya nuna mana abin yana yiwuwa. Sai dai da yardar maigida, kuma yarda ba a samun ta da tsiwa. Ki zaɓi lokaci, ki kawo masa hujja, ki nuna masa yadda gida zai tafi ba tare da ya tagayyara ba. In da hali a sa malamin da yake jin maganarsa ya yi masa bayani.

"Za ta taɓa maza fa?" A lokacin karatu za ta zaga kowane sashe, har na maza, wannan gaskiya ce. Imamul Bukhari ya ware babi a kan mace ta yi wa namiji magani da namiji ya yi wa mace, kuma malamai sun halatta shi gwargwadon lalura: a buɗe iya inda ake buƙata, a sa safar hannu, a guji keɓewa, a tsare ido da harshe. Kuma duk sa'ad da mata suka yawaita a aikin, raba aiki yana sauƙi, maza su ji da maza, mata su ji da mata. Ƙarancinmu ne yake jawo cakuɗar da muke gudu. Batun sutura kuwa, ki shiga asibitocin Kano ki gani, nas-nas ɗinmu da hijabinsu da wandonsu suke aiki.

"Aikin dare fa?" Akwai shi, ba zan ɓoye miki ba, domin ciwo ba ya barci. Akwai tsayuwa mai tsawo, akwai wari da jini, akwai ganin mutuwa, akwai haɗarin ɗaukar cuta. A farkon 2020 zazzaɓin Lasa ya ɗauki ran ma'aikatan lafiya a Kano, Allah Ya ji ƙansu. Saboda haka kada a tura yarinya don kwaɗayin albashi ko farin kaya. A dubi wadda Allah Ya ba tausayi da ƙarfin zuciya, irin yarinyar nan da in kakarta ta yi amai ita take rugawa da ruwa.

"Ai nas-nas ba su da kirki." Wasunmu sun sha tsawa a asibiti, ba ƙarya ba ne. Wani lokaci gajiya ce, mutum ɗaya a kan gadaje masu yawa, wani lokaci kuma rashin tarbiyya ne. Maganinsa mu tura waɗanda muka tarbiyyantar. Makaranta za ta koya mata awo da magani, amma riƙon sirrin majinyaci, da sakin fuska, da tuna wa mai jin jiki Allah, da laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada, wannan daga gida da Islamiyya take tafiya da shi.

Abin Da Ya Rage Gare Ki

Ya ke 'yar'uwa, ba kowa ce za ta zama nas ba, amma kowa tana da abin yi. In kina da takardar sakandare a ƙasan akwati, ki ciro ta ki duba abin da ya rage, ana sake jarrabawa. In 'yarki tana ƙaramar sakandare, ki je makarantarsu ki ga malaminta na Lissafi, ki rage mata talla da aikin yamma. In manemi ya fito tana tsakiyar karatu, a yi maganar ci gaba da karatun a fili tun wajen neman aure, gaban waliyyai, kada a bar shi sai bayan an kai ta ɗaki. In ƙanwarki ko surukarki ko abokiyar zamanki ce take karatun, ki riƙe mata yara ranar da take aikin kwana, ki karɓar mata girki. Wanda ya taimaka a kan alheri yana da rabonsa a lada.

Ga kuma aikin gida ga kowane reshe na ƙungiyarmu kafin taro na gaba. A ƙirga 'yan matan unguwa da suke ajin kimiyya. A binciko matan aure masu kiredit da suka ajiye. A duba ko asusun reshe zai iya ɗaukar kuɗin jarrabawar ko da mutum ɗaya a shekara. Sannan a gayyato nas ta zo majalisin karatu ta koya mana juya majinyaci, da wanke shi a kan gado, da alamomin shanyewar jiki: karkacewar baki, mutuwar hannu, da harɗewar magana, waɗanda in an gani ba a jiran gari ya waye.

Innarmu ta yi wata 7 a kwance kafin Allah Ya karɓi abarSa. Gyambon ya warke kafin rasuwarta, albarkacin abin da baiwar Allah nan ta koya mana cikin 'yan mintoci. Duk cikinmu, in Allah Ya ja kwana, akwai ranar da za mu kwanta wani ya ɗaga mana zane. Mu shirya wannan hannu tun yanzu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama masu amfanar al'umma. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.